Farar Sandar Da Na Karya

Yaya Winifred,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya jikoki? Ni lafiya lau a Bangkok, zazzaɓin ma da sauƙi.

Kin san al'ada, ranar jana'izar Sarki, ni shugaban fadawansa na karya farar sandata ta muƙami a kan akwatin gawarsa. Sabuwar fada ta turo ni nan jakada, wai karramawa ce.

Jiya hadimina Prasert ya ce, "Maigida, me kake riƙewa kullum? Ba komai fa a hannun." Na duba, ashe a dunƙule yake.

Ki aiko mini da shayin gida, Allah ya saka. Likita ya ce in riƙa dogara sanda. Na ce masa tawa tana kabari.

Ƙaninki,
Aubrey