Takardar da Na Tsinta a Aljihun Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya kuma yaye maka ciwon bayan nan da kake ɓoye wa Umma kana zaton ba ta sani ba. Mu nan lafiya lau muke. Gwiwar Baba ta yi sauƙi tun da ya yarda da sandar da ka aiko, ko da yake sai ya leƙa ya ga babu kowa a layi yake ɗaukarta. 'Yan biyuna sun shiga aji uku, shago kuma alhamdu lillahi, ɗinkin kayan makaranta ya hana ni sakat.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa alhali ga waya. Dalili shi ne ni da kai ba mu taɓa cika minti biyar a waya ba tare da ɗaya ya katse ɗaya ba, kuma ina so ka karanta maganar nan har ƙarshe kafin ka buɗe baki. Maganar Auta ce, kuma ta kai ni bango.

Ka san tun da ya fara koyon aiki a kamfanin kayan gini yake zaune a gidana, saboda ya fi kusa. Ranar Asabar ya kawo mini kwat ɗin nan da Baba ya saya masa, wai ta yi masa yawa in rage. Na ɗora masa awo, sai na ga ƙugunsa ya ragu da inci biyu cur a wata huɗu, a gidan da nake cika masa kwano. Na juya kwat ɗin zan farke, sai ga takarda a aljihun ciki, an ninke ta har ta fara yagewa. Takardar rajistar jarrabawarsa ta ƙarshe ce. Ko sunansa bai rubuta ba, kuɗin da ka aiko kuma suna nan a ambulan ɗinsu ko buɗewa bai yi ba. Ranar Alhamis ta sama ake rufe rajistar, Yaya. Idan ta wuce bai sa hannu ba, shekarar nan ta tafi, kuma yadda na ga idonsa, in ya bari ta tafi ba zai koma ba.

Ban jira ya gama karyawa ba na tare shi. Wai shi ba ya jin zai iya aikin akanta. Bayan shekara huɗu, saura wata uku a gama, yau ne ya gano! Na yi masa tatas, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na tuna masa lokutan da ka yi aikin kwana biyu a jere don kuɗin makarantarsa, na tuna masa Baba da ya gama shelanta wa duk abokan zamansa cewa ɗansa akanta ne, har mai gyaran rediyo ya fara ajiye masa takardun haraji. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana juya cokali a shayi. Ka san shirun nan nasa mai ƙara tunzura mutum. Da faɗuwa yake yi a karatun ma da na san abin da zan ce, amma yaron nan bai taɓa maimaita ko darasi ɗaya ba.

Da na ga ba zan samu komai a bakinsa ba, ran Litinin na rufe shago na tafi kamfanin da kaina, don na ɗauka wani ne yake takura masa. Ofishin nasu yana bayan sito, sai ka ratsa buhunan siminti da tulin fenti. Ɗaki ne ba taga, tebur huɗu, fanka ɗaya mai kuka, fayil-fayil har rufi. Babban akantan dattijo ne mai kirki, har kujera ya ba ni. Ya ce a shekara ashirin da shida da ya yi a ɗakin nan bai taɓa samun ɗalibi mai natsuwar Auta ba, kuma har ya gaya wa yaron cewa in ya riƙe wuta, wata rana kujerar nan tasa ce. Na kalli kujerar, ta lotsa daidai zaman mai ita, an ɗaure hannunta ɗaya da waya. Bawan Allah yabo ya yi da zuciya ɗaya. Da na lissafa kuwa, tun makon da ya faɗi haka Auta ya fara rage abinci.

Na dawo gida raina a ɓace, don ban ga abin tsoro a kujera ba, ni da na shekara goma sha biyar a kan keken ɗinki. Na same shi a tsakar gida na ce to na ji ba ya son akanta, ya gaya mini abin da yake so. Ya ce bai sani ba. Nan fa na ƙara hawa, na ce mutumin da tun yana ɗan shekara shida lissafi ne wasansa, wanda in an sayo rake sai ya ɗauko zaren Umma ya auna kafin a yanka, wanda ko burodi ba a rabawa sai an kira shi, har Baba ya sa masa Akanta, shi ne yau zai ce bai san abin da yake so ba? Sai ya ɗago ya dube ni, ya faɗi maganar da ta sa na zauna rubuta maka wannan.

"Yaya, ni fa ba lissafi nake so ba. Faɗanku ne ba na so, ke da Yaya babba. In na auna na raba, kuna yin shiru."

Na buɗe baki zan ƙaryata shi, sai abin ya riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna wa yake ɗaukar guntun ƙarshen rake, mai tauri, wanda babu mai so? Ka tuna da ya gama sakandare, kai ka kafe sai injiniya, ni na kafe sai haɗa magunguna, muka yi mako uku ba ma gaisawa, Umma tana kai saƙo tsakaninmu a cikin gida ɗaya? Rannan ya fito daga ɗaki ya ce shi akanta zai karanta, Baba ya tafa ya ce dama ya faɗa, ni da kai kowa ya ji ba a kayar da shi ba, aka ci abinci lafiya. Ashe yaron nan kansa ya auna ya raba mana. Mu kuma gidan masu wayo, shekara goma sha shida muna kallon yaro mai gudun hayaniya muna cewa ga mai son lissafi. Haushinsa nake ji har yanzu, don da ya yi magana tun a shekarar farko da ba mu kai nan ba. Amma na fi jin haushinmu, kuma na ji kunya ƙwarai.

Kada ka ɗauka na goyi bayan ya bar karatu. Wauta ce mutum ya yi shekara huɗu ya tsaya a bakin ƙofa, kuma ina so ya sa hannu a takardar nan kafin Alhamis. Sai dai na lura duk lokacin da na ce ya gama, abin da yake ji shi ne ya gama ya shiga ɗakin nan mara taga har tsufa. Don haka ga roƙona. Kada ka kira shi kana faɗa, kada ka lissafa masa abin da ka kashe, na riga na yi maka wannan har da ƙari. Kada kuma ka zo masa da wata sabuwar shawara, don na san ka, yanzu haka injiniyancin nan ya fara motsi a ranka. Ka aiko masa da abin da ni ma na gaya masa, kalma ɗaya ba bambanci: ya rubuta jarrabawarsa ya karɓi takardar shaidarsa, bayan nan shekara guda tasa ce, ya nemi abin da yake so, babu mai tambayarsa. Baba kuwa ni da kai za mu yi masa bayani, baki ɗaya, ba Auta ba. Sau ɗaya dai a rayuwarsa ya ji mun faɗi abu guda ba tare da shi ya biya ba.

Jiya da yamma Baban 'yan biyu ya shigo da kankana. Kafin a ce komai yaran sun fara gardama, sai ga Auta ya miƙe ya ɗauko wuƙa yana gwada tsakiya da yatsa. Na karɓe wuƙar na ce ya zauna. Na yanka ta a karkace da gangan, na ɗauki babban yankin na ajiye a gabansa, na bar yaran da sauran. Suka yi ta rikici har maƙwabta na ji. Ya yi tsuru yana kallonsu, sau biyu yana tura musu farantin ina mayar masa. Can dai suka gaji suka ci, babu wanda ya mutu. Shi ma ya cinye nasa tas. Da zai tashi ya tambaye ni ko na gama rage kwat ɗin, na ce na gama, tana rataye a bayan ƙofa, takardar kuma tana aljihun da na same ta. Bai ce zai sa hannu ba, ni ma ban tambaya ba, kuma Allah kaɗai Ya san yadda na danne bakina.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata ɗinkinta yana nan tafe. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Baba. Umma da Baba suna sa maka albarka, Baban 'yan biyu yana gaisuwa. Na san akwai wurare aƙalla uku a wasiƙar nan da ba ka yarda da su ba. Ka kira ni mu yi musunmu yadda muka saba, amma ka bari sai Auta ya fita.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Mai Keke