Na Share wa Bulus Waƙoƙin Kakarsa, Kwafin Yana Aljihuna

Gaisuwa ga mai shafi da jama'ar gida. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ƙarshe kafin ku fara zagi.

Ina aiki a wani shagon kwamfuta kusa da tashar jirgi a Kafanchan. A fom tiri na ajiye boko, amma inji yana jin maganata. Duk wata ƙanin oga yana zuwa daga Sabon Tasha a Kaduna da kwamfutarsa cike da sababbin furogiram, ni ke haɗa waya in kwafo. Injin yana ba da zaɓi biyu: ko ka ƙara sababbi kawai, ko ka mai da folda namu daidai da na Kaduna, duk abin da babu a can ya share. Kullum na farko nake danna.

To akwai Bulus, mai taifin ɗinmu, ɗan Godogodo, mai ji da difloma. Rannan a gaban 'yan mata masu koyon taifin ya ce, "Kai injiniyan tsintsiya, zo share min ƙarƙashin tebur." Har Rahila, wadda nake so a cikinsu, ta yi dariya. Rahila fa! Ku ne za ku haɗiye?

Na san yana ɓoye waƙoƙin coci na yarensu cikin folda na furogiram, don oga ya hana aikin gida a shago. Daga bakin kakarsa ya rubuto su. Da ranar kwafi ta zo, na danna na biyu. Injin ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce sosai ma. Amma kafin nan na sauke su a disket, ɗan faifan ajiya, don ni ba shaiɗan ba ne gaba ɗaya.

Washegari ya yi ta bincike yana zufa, ba halin gaya wa oga. Ya jawo ni bayan janareta, murya ƙasa ƙasa: "Ɗan'uwana, injiniya, ka taimake ni." Na ce, "Wanne? Na tsintsiya?" Gaskiya na ji daɗi kamar an ba ni rago.

Sai ga shi ranar Lahadi tsohuwar ta rasu. Asabar za a binne ta, kuma 'yan kwayar coci suna jiran waƙoƙin su rera mata. Na ji kunya, ban musa ba. Amma in na miƙa disket zai gane ni ne, oga ya kore ni. Kuma har yau bai ba ni haƙuri a gaban Rahila ba, ni kuwa a can nake so, inda ya yi abin.

Yau Laraba. Jama'a, me zan yi?