Na'urar Tanderu na Uku

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jiki, ya idanun? Ni dai na gaji. Ka tuna na'urar da ke rataye gaban tanderu na uku, mai auna zafin ƙarfe daga nesa? Sati biyu ke nan ina fama da saita ta. A ɗakin gwaji lafiyarta lau, amma da an mayar da ita wurinta sai ta ƙara digiri saba'in a kan abin da wayar awon zafi da muke dangwala wa ƙarfen ta nuna. Wato rodin da muke fitarwa bai gama gasuwa ba. Manaja ya ce in sa hannu cewa daidai take, masu oda na jira. Ban sa ba tukuna.

Ƙanwarka.

Auta,

Muna lafiya. Matata ce ke rubutawa, ido ya ƙi. Daina wahalar da na'urar, duba inda take kallo. Shekara uku da suka wuce, kafin in bar aiki, an canza ƙofar tanderun. Tun daga nan hasken wutar ke dukan ƙarfen ya dawo mata, ita kuma ta haɗa shi da zafin ƙarfen. Na faɗa wa manyan wurin sau biyu. A na uku aka miƙo min takarda cewa daidai take, na sa hannu. A lokacin na gaji da magana, kuma yara huɗu ke makaranta. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Allah ya taimake ki.

Yaya,

Na gaishe ku. Na matsar da na'urar taku ɗaya, na sa mata kariya ta farantin ƙarfe, awo ya daidaita. An tsayar da aiki kwana biyu, manaja ko gaisuwata ba ya amsawa. Ban damu ba, kuma ban yi fushi da kai ba, ƙarfin fushin ma ba ni da shi. Abu ɗaya ke damuna. Na tambayi mai sito ina rodin shekara ukun nan ya tafi, ya ce ko'ina.

Ƙanwarka.

Auta,

Wani daga cikin rodin yana cikin rufin kankare na ɗakin Inna, ni na saya da hannuna. Yau na mayar da ita falo, na ce mata fenti za a yi. Ki zo ran Asabar da wanda ya san gini.

Yayanki.