Mai Takardar “Ta Halarta”

Husum, 3 ga Maris

Zuwa ga Frau Harms,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ni ne Eggers, wanda ya koyar da ku wasanni a makaranta shekara talatin da suka wuce. Na faɗi a banɗaki, na yi awa biyu a ƙasa sai da maƙwabciya ta jiyo ni. 'Yata ta ce in aka kuma, sai gidan tsofaffi. Likita ya tura ni ajin motsa jiki na Pilates, na duba takardar, sai ga sunanki, ke ce malamar. Ban sani ba ko za ki karɓe ni.

Da girmamawa,
D. Eggers

7 ga Maris

Herr Eggers,

Ina gaishe ku, sannu da jiki. Sai da na nemi kujera kafin na ƙarasa wasiƙarku. Ni ce fa Wiebken nan da in an zo gasar shekara a raba wa yara takardar nasara, ni a miƙo mini mai cewa “ta halarta”. Guda bakwai na samu! Kun taɓa cewa a gaban kowa wai ina gudu kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai. Na sha kuka a ɗakin canja kaya, kuma na shekara ashirin ina jin kunyar jikina. Ciwon baya ne ya kai ni kan tabarmar Pilates, inda ba mai busa usur, sai dai a ce ja numfashi.

Ku zo Talata ƙarfe goma, da safa, ban da takalmi.

Ku huta lafiya,
Wiebke

12 ga Maris

Frau Harms,

Bayan gaisuwa. Na zo Talata. Na leƙa ta taga na ga mata sa'o'ina suna kwanciya suna tashi, sai na koma tashar bas. Tsoro nake in kwanta in kasa tashi a idon mutane. Sai yanzu na san abin da na yi miki. Ki yafe mini.

Da girmamawa,
D. Eggers

14 ga Maris

Herr Eggers,

Ina gaisuwa. Ai na gan ku, wa zai ɓuya da wannan jar hular? Na yafe, amma fa jiya na yafe, ba zan yi ƙarya in ce tun da ba. Ku bar ajin tukuna. Ranar Alhamis zan zo gida, ku dafa kofi. Ni zan fara kwanciya a ƙasa, ku kuna kallo.

Sai na zo,
Wiebke

29 ga Afrilu

Wiebke,

Barka da hantsi. Yau da gangan na kwanta a tsakiyar falo, ba kowa a gidan. Na juya gefe, na durƙusa, na dafa kujera, yadda kika nuna mini. Na tashi. Zan kira 'yata in ce ta daina nemar mini ɗaki, amma ke na fara gaya wa.

Ɗalibinki,
Detlef