Sisi a Bakin Gada

Brisbane, 3 ga Mayu, 1956

Noeline,

Bayan gaisuwa, ya aikin asibiti? Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ranar Asabar ina shanya a tagar ɗakinmu na saman gada na hango ki a motar iyayen Desmond, saurayinki. A gadar nan kika girma, kin san ɗan gida ba ya biyan kuɗin hawa gada, babanki da ke karɓar kuɗin hula kawai yake ɗaga masa ya wuce. Amma kika zaro sisi kika miƙa masa, fuskarki na kallon kogi, kamar ba ki taɓa ganinsa ba.

Tun ranar abinci sai ya tsakura ya ture. Ya ce kada in wahalar da kaina goge masa kwat, ba ya jin zai je ɗaurin aurenki.

Mamanki, Beryl

Toowoomba, 7 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san da wane baki ba. Tun farko na ce wa su Desmond Baba a ofishin kamfanin gadar yake aiki. Muna hawowa maman Desmond ta ɗaga kai ta ce, "Ji wasu kuma, sun baza wa duk gari wandunansu a sama!" Wandon Baba ne, Mama, mai facin da na yi masa da hannuna. Na yi dariya tare da ita. Da muka iso gabansa sai kawai na ga hannuna ya miƙe. Ya karɓa ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe."

Gara da zagina ya yi. Don Allah ki roƙar min shi. Idan bai zo ba, wa zai riƙe hannuna ya shigar da ni coci?

'Yarki, Noeline

Brisbane, 12 ga Mayu

'Yata,

Ina lafiya. Rubutu ba aikina ba ne, sai ki yi haƙuri.

Baban Desmond ya daɗe yana bin gadar nan kullum safe. Ya san ki tun kina zama a kan cinyata kina yaga wa direbobi tikiti. Ranar nan da yamma ya dawo da ƙafa, ya tuɓe hula, ya ce in yafe miki, ƙuruciya ce. Baƙo ne ya zo ba ni haƙuri a kan 'yata. Wannan ya fi min ciwo.

Zan zo. Ki faɗa wa mamanki abin da kike so in ce ina yi, idan aka tambaye ni.

Babanki, Clarrie