Rasuwar Baba Fasto Nababa da Littattafai Takwas da Suka Tsira

Cikin alhini da nauyin zuciya, Zumuntar Masu Bishara na Karkarar Arewacin Kano ta karɓi labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, Mai Girma Baba Fasto Nababa Ɗanbarau, dattijon ikkilisiyar Gidan Nomau ta ƙasar Shanono, wanda Ubangiji ya kira gida ranar Talata, tara ga Oktoba, 1984, yana da shekara saba'in da uku. Ya rasu a ɗakinsa, a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, an kuma binne shi a gefen gonarsa, kamar yadda ya yi wasiyya.

Marigayi ɗan manoma ne. Ciwon kuturta ne ya kai shi asibitin mishan yana saurayi, a can ya ji bishara, ya karɓi baftisma, ya koyi karatun boko, ya dawo gida da lafiyarsa amma babu yatsu uku na hannun dama. Shekara arba'in da ɗaya yana zaga ƙauyuka a kan keke, yana wa'azi a gindin rimi da bakin rijiya, yana noma gonarsa da kansa, bai taɓa neman a mayar da shi birni ba. Majami'u shida ya kafa. Da yawa daga cikinmu da ake kira Rabaran da Shugaba a yau, a zaurensa muka fara haɗa baƙi, ko da yake ba kowa ne ke son a tuna masa ba.

Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne Baba marubuci ne. Da alƙalami ɗaure a hannunsa da tsumma ya cika littattafai goma sha ɗaya: sharhin Maganar Allah, da amsoshin tambayoyin da manoma ke yi masa a kan mutuwa da fari da haƙuri, da waƙoƙin sujada da ya ɗora a kan muryar waƙar gayya, domin mai fartanya ya iya rerawa yana aiki. Da ajami ya rubuta su, ba da boko ba, saboda ajami ne maƙwabtansa ke karantawa, su kuma yake so su karanta. A shekarar 1975 ya kawo wa wannan Zumunta biyu daga ciki don a juya su zuwa boko a buga. An kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna sau ɗaya, aka ci abinci, aka watse. Mai sa hannu a wannan takarda shi ne magatakardan kwamitin, shi ne kuma ya mayar wa Baba littattafansa bayan shekara biyu ba a buɗe su ba.

Ya zama dole Zumunta ta bayyana abin da ya faru washegarin jana'iza, tun da maganar ta riga ta shiga kasuwanni. Tawagar manyan baƙi, wato fastocin da suka zo daga birni, ta buɗe akwatin marigayi, ta ga takardu da rubutu irin na allo, babu kuwa ko mutum ɗaya a cikinsu, duk da takardun shaidar ilimin da suke ɗauke da su, da ya iya karanta layi guda. Nan take suka yanke cewa layu ne da tsubbu. Aka hura wuta a bayan majami'a. Mai ɗakin marigayi, Inna Turai, ta faɗa musu rubutun mijinta ne, ba a saurare ta ba. Littafi uku sun ƙone ƙurmus kafin maƙwabcinsa na shekara hamsin, Malam Iliyasu Mai Allo, limamin unguwar, ya ga hayaƙi ya zo ya sa hannu cikin wutar ya janye sauran. Takwas ɗin suna zauren Malam Iliyasu yanzu, hannunsa kuma yana naɗe da tsumma. Musulmi ne ya ceci wa'azin fastonmu daga hannun fastoci. Zumunta ta rubuta wannan da kunya, tana kuma miƙa godiyarta ga Malam Iliyasu.

Hankalinmu bai kwanta ba, domin mun samu labarin cewa wasu na shirin zuwa ranar Lahadi su karɓo sauran littattafan su ƙarasa abin da suka fara, wasu kuma na yaɗa cewa Baba ya bar bangaskiya a ɓoye. Zumunta ba ta yarda ba, ba ta kuma ba kowa izinin taɓa ko da takarda ɗaya ba. Littattafan na iyalinsa ne. Mun roƙi Malam Iliyasu, ya kuma amince, cewa ranar addu'ar bakwai zai zauna a ƙofar majami'ar Gidan Nomau ya karanta wa jama'a littafi na farko da babbar murya, tun daga shafin farko, tun da a cikinmu babu mai iyawa.

Ga Inna Turai, da 'ya'yan marigayi, Malam Basiru da Malama Asiya, da jikoki, da dukan ikkilisiyoyin da ya kafa, muna miƙa ta'aziyyarmu tare da neman gafara. Ubangiji Yesu Almasihu, wanda Baba ya bauta wa da rabin hannu fiye da yadda muka yi da hannu biyu, ya ba ku ƙarfin zuciya da jimiri, ya ciyar da ku a wannan shekara mai wuya, ya share muku hawayen rashi da na abin da muka ƙara muku a kai. Amin.

Muna gayyatar manyan baƙinmu na birni su dawo ranar bakwai, za a ajiye musu benci na gaba. Su bar ashana a gida.

Sa hannu:
Dattijo Yohanna Ɗanliti
Magatakarda kuma Kakakin Zumuntar Masu Bishara na Karkarar Arewacin Kano