Lilon Da Ya Ƙi Zagayawa

Utaiƙa, Riyad
4 ga Maris, 1977

Zuwa ga uwargidana Hansai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Kin tambayi abin da nake yi tun da na ajiye aikin kafinta. Kada ki yi dariya. Da Babbar Salla na ga wani lilo da aka kawo daga ƙasar waje, yara suna hawa dabbobin katako yana zagayawa da su. Na ce sai na yi ƙaraminsa, wanda zai zauna a kan faifai. Ɗanmu Gali yana ɗebo mini fasassun akwatuna daga unguwar Sulay, inda yake tuƙin mota. Na sassaƙa raƙuma huɗu da jiminu biyu, ban yi musu fuska ba, don limaminmu ya ja kunnena. Sai dai in na murɗa hannun da ke juya shi, lilon cijewa yake yi.

Yayanki Jibrin ya dawo wurinmu da zama. Ba ya ɗan jin daɗi.

Ki gaida mutanen gida.
Naki,
Maiwada

20 ga Mayu, 1977

Hansai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yafe mini, na ɓoye miki magana. Shanyewar ɓarin jiki ce ta sami Jibrin a garejinsu tun watan Janairu. Hannun dama ya saki, baki ya karkace. Likita ya ce lallai ya riƙa motsa hannun, ya ƙi. Mutumin da ya shekara talatin yana kwance injin mota yana ɗaurawa, sai ga shi ya juya wa bango fuska, abinci ma sai da lallashi. Wallahi na fara cire rai.

Na mayar da aikina ɗakinsa don kada ya zauna shi kaɗai. Kwana tara ina murɗawa, lilo yana cijewa, ina tsaki. Ba dabara na yi ba, kasawa na yi. Ranar Talata da hantsi sai na ji murya daga gado: “Kai dai kafinta ne kawai. Haƙoran ƙarfen da ke juya shi ne ba su daidaita ba.”

Ya sa na ɗora masa a cinya. Ya riƙe magagari da hagu, ya danne ƙarfen da hannun nan na dama. Sau uku yana suɓucewa, na miƙa hannu ya harare ni. Kafin azahar raƙuma suka zaga, suka sake zagawa. Na fita tsakar gida don kada ya ga idona.

Bai warke ba, har yanzu yana jan ƙafa. Amma yana cin abinci da kansa, kuma ya yanke cewa na biyu da sarƙar keke za mu yi shi. Layin da ke ƙasa shi ya rubuta, ya kusa rabin awa a kai.

Naki har kullum,
Maiwada

Hansai, ina nan. Aiko mini da daddawa. Jibrin.